Fayin, Tankiyu

Gwangwanin tumatir ne, irin ƙaramin nan, an huda shi gefe biyu an zura igiyar buhu. Shi Barakatu ta fara hangowa daga bakin ƙofar makarantar, kafin ta gane cewa wuyan da yake rataye a kai wuyan 'yarta ne.

Rauda tana durƙushe a tsakiyar farfajiya, gwiwoyinta a kan siminti, hannayenta a sama. Ko shekara huɗu ba ta cika ba. Ta riga ta gama kuka, sai ajiyar zuciya take yi, duk lokacin da ƙirjinta ya ɗaga sai gwangwanin ya motsa. Da ta ga uwarta bakinta ya buɗe za ta yi magana, sai ta waiga ta dubi ƙofar aji, ta mayar da bakin ta rufe.

Gorar ruwa Barakatu ta biyo ta da ita, an manta da ita a gida wajen saurin shiri. Ta tsaya da gorar a hannu har malamar ajin nazare ta leƙo. Anti Raihana ake ce mata, yarinya ce ƙarama da ta gama sakandare bara, idanunta duk sun faɗa saboda gajiya.

"Sannu da zuwa, Hajiya."

"Yawwa sannu. Me yarinyar nan ta yi?"

"Banakula ta yi."

Barakatu ta taɓa jin kalmar a bakin 'yan boko. Nufinsu yaren gida, wato Hausar da aka haifi mutum a cikinta. A wannan makarantar duk yaron da ya yi ta sai a rataya masa gwangwani, ya yi gwale-gwale a rana, kuma ba zai rabu da shi ba sai ya kama wani ya yi ita ma.

"Me ta ce?"

"Cewa ta yi, Anti zan sha ruwa."

"To da me za ta ce?"

"Wata," in ji Anti Raihana. "Da Turanci haka ake faɗi. Wallahi Hajiya ba ni na sa dokar ba. In mai makaranta ya zo ya ji Hausa a ajina, ni zai kora."

Rauda 'yar fari ce. A gidan su Barakatu ba a kama sunan ɗan fari, balle a tsaya masa a gaban mutane. Tun da aka haife ta uwar ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai "yarinyar nan" ko "ke". Don haka ta miƙa wa malamar gorar, ta ce a ba ta in ta gama, ta juya ta fita. Sai da ta kai bakin titin Mai'adua, inda 'yan acaɓa ke tsayawa, sannan ta ja hijabinta ta rufe fuska. Takaici ne ya cika ta, na makarantar da na kanta gaba ɗaya.

* * *

Makarantar tana da dogon suna na Turanci a jikin allo, amma ba wanda ke wahalar da bakinsa a unguwar. Mai Lilo ake ce mata, saboda lilon da aka zana da fenti a bangon waje, da yara farare suna hawa suna dariya. Lilon ke nan, babu wani a ciki. A ƙasan zanen an jera abin da yaro zai samu: nazare da firamare, filin wasa, ɗakin kwamfuta, ɗakin shan magani, sai kuma a ƙarshe da jan fenti, Turanci zalla.

Gidan haya ne Malam Abdulbaƙi, mai makarantar, ya kama ya yanyanka da fale-falen katako. Filin wasan shi ne simintin da ake gwale-gwale a kai. Ɗakin shan maganin kuwa karyayyun bencina ne a ciki da buhunan gawayin matarsa. Ajin nazare tsohon garejin mota ne, rufin kwano ba silin, taga ɗaya ƙarama can sama. A nan ake cusa yara kafaɗa da kafaɗa tun safe har azahar, suna maimaita abin da ba su san ma'anarsa ba. Cikin duk alkawuran da ke jikin bangon nan, na jan fentin ne kaɗai ake cikawa.

Wannan alkawarin ne kuma ya ja Nu'uman, mahaifin Rauda. Dillalin awaki da tumaki ne, yana bin kasuwanni daga Daura zuwa Mai'adua har bakin iyaka. Mutum ne mai son iyalinsa, wannan ba a ƙwace masa ba. Amma akwai abin da ya tsaya masa a rai. Wata rana wasu masu saye daga Kudu suka zo, wani tafinta ya tsaya tsakaninsu ya cuce shi a gabansa, suna Turanci suna dariya, shi ma yana taya su dariyar. Sai bayan mota ta tashi aka gaya masa abin da aka yi. Tun ranar ya yi rantsuwa ba za a yi wa ɗansa haka ba.

Da yamma Barakatu ta ba shi labarin gwangwani bayan ya ci tuwo.

"Malam, ni dai abin bai kwanta min ba. Yarinya ƙarama, ƙishirwa ce fa ta sa ta magana."

"Ai da haka ake koyo," in ji shi. "Kin ga 'ya'yan manya da ke zuba Turanci a talabijin, an ce miki lallashinsu aka yi?"

Mahaifiyarsa, Inna Adawiyya, tana gefe tana ɓare gyaɗa. Ta ce, "Nu'umanu, yanzu ruwan ma sai da Turanci za a sha shi?"

"Inna, zamanin ne ya zo da haka."

"To Allah ya kyauta. Ni dai kar a lalata min bakin ƙawata."

Ƙawarta ita ce Rauda. Kafin makaranta, bakin yarinyar nan ba ya hutawa, har Inna ta sa mata Rediyo. Ita ke ba wa kaji labari, ita ke yi wa akuya faɗa, ita ke gyara wa Inna tatsuniya in ta tsallake wani wuri. In maƙwabta suka ji gidan shiru, sun san barci take yi.

* * *

Ba rana ɗaya rediyon ya mutu ba. Da farko ta daina ba da labarin makaranta. Daga baya aka lura in za ta yi magana sai ta fara taɓa wuyanta, kamar mai duba ko igiyar tana nan. Sau biyu tana dawowa da wando a jiƙe, domin ba ta san yadda ake neman fita bayan gida da Turanci ba, ta kuma san abin da zai biyo baya in ta nema da Hausa. Yarinya ce mai wayo, nan da nan ta gano cewa wanda ya yi shiru ba a rataya masa komai.

Sai aka yi taron iyaye. Malam Abdulbaƙi ya tashi cikin babbar riga ya ce matsalar daga gida take. Su suna ginawa da safe, iyaye suna rushewa da yamma. Wanda yake son ɗansa ya ci gaba, to ya hana shi banakula har a tsakar gida. Nu'uman ya dawo da maganar a ka kamar an ba shi wasiyya.

"Daga yau," ya ce wa Rauda, yana nuna ta da yatsa cikin wasa, "in na ji banakula a bakinki, Anti zan gaya wa."

Shi wasa yake yi da rabin zuciyarsa. Ita kuwa sunan Anti kaɗai ta ji.

Abin dariya, ko kuma abin kuka, shi ne duk gidan ba mai jin Turancin. Abin da Nu'uman ya iya bai wuce gaisuwa ɗaya ba, ita ce kuma ta zama abin alfaharinsa. Bayan la'asar in yana zaune da abokansa a ƙofar gida sai ya aika a kira ta. Za ta zo ta ƙame, hannu a baya, yadda aka koya musu.

"Rauda, hawa yu?"

"Fayin, tankiyu."

Sai a yi ta tafi ana cewa masha Allah, wannan ai likita ce. Wani ya tambayi ma'anar, Nu'uman ya gyara hula ya ce, "Na ce mata yaya take, ta ce lafiya lau, ta gode." Ita Rauda ba wanda ya taɓa gaya mata ma'anar. Abin da ta sani shi ne in babba ya yi wannan ƙarar, ita kuma ta yi waccan, ba a dukanta. A aji ma haka ne kullum da safe, Anti ta faɗa, yara su amsa baki ɗaya, mai zazzaɓi da mai yunwa da wanda aka doka a gida duk amsarsu ɗaya.

Inna ta yi ta jan ta. "Ƙawata, zo ki ƙarasa min labarin kurciyar nan, na manta ƙarshensa." Rauda sai ta zo ta kwanta a cinyarta, ta yi murmushi, ba ta ce komai ba. Barakatu tana kallo tana cizon leɓe. Ta sake yi wa mijinta magana sau ɗaya, ya ce ita ba ta son ci gaba, ta bar shi.

* * *

Bazara ta shigo da zafinta na Daura, irin wanda ko iskar ma ƙuna take yi. A garejin nazare kwano ya riƙa ƙara saboda rana, yara suna tari a fuskar juna. Ana cikin haka ne aka yi wa Barakatu rasuwar kawunta a garin Babban Mutum, ta tafi da niyyar sai an yi sadakar uku. Nu'uman kuma ya wuce Mai'adua, akwai lodin dabbobi da zai kwana a kai. Gida ya rage daga Inna sai Rauda.

Ranar da ya tafi, tun da hantsi Rauda ta kifa kanta a kan benci a aji. Anti Raihana ta lura. Ta ratso yara ta zo ta tsaya a kanta, har ta buɗe baki za ta ce "me ke damunki", sai ta hango Malam Abdulbaƙi yana wucewa ta bakin ƙofa.

"Rauda, hawa yu?"

Yarinyar ta ɗago da ƙyar, idanunta a lumshe don hasken yana sukarta. "Fayin, tankiyu."

Anti ta taɓa goshinta, ta ji zafi, amma a wannan ɗakin goshin kowa da zafi. Ta koma gaban allo.

Da aka tashi ɗan acaɓan da ke ɗauko ta ya sauke ta a ƙofar gida. Ba ta ci abinci ba. Ta kwanta a tabarma ta juya wa ƙofa baya, jikinta kamar garwashi. Inna ta jiƙa tsumma tana goga mata.

"Ƙawata, ina ke miki ciwo? Kai ne? Ciki ne?"

Rauda ta kai hannu wuyanta. Inna ta san wannan taɓa wuyan, kullum tana yi, don haka ba ta kawo komai a ranta ba. Can yarinyar ta motsa busassun leɓɓanta.

"Wata."

"Wata?" Inna ta sunkuyo. "Wata wa?"

"Wata... wata."

Gaban tsohuwar ya faɗi. Yarinya ta dawo da tsakar rana, jiki da zafi, ido a juye, tana ƙin haske, tana cewa wata. "Wata mata kika gani? A ina? A hanya ko a bayin makarantar?" Rauda ta runtse ido ta sake faɗa. Inna ta yi salati. A wurinta magana ta fito fili, gamo yarinyar ta yi, wata daga cikin mutanen ɓoye ce ta tare ta. Wannan kuwa ba aikin asibiti ba ne, allura ma ƙara tunzura su take yi.

Ta ɗebo garwashi ta zuba hayaƙi, ta lulluɓe yarinyar da zane. Ta aika wurin malamin unguwa aka kawo rubutu a kwano. Da ta kai kwanon bakin Rauda, yarinyar ta riƙe shi da hannu biyu ta shanye tas, har tana lasar gefen. Inna ta yi hamdala, ta ce magani ya karɓe ta.

Bayan magariba Nu'uman ya kira waya. Inna ta gaya masa jikin Rauda ba daɗi, amma an yi rubutu.

"Sa mata wayar a kunne, Inna." Ana jin kukan tumaki a bayansa. "Rauda. Rauda, Baba ne. Hawa yu?"

Sannan wata siririyar murya ta ce, "Fayin... tankiyu."

Ya yi dariya, hankalinsa ya kwanta. "Inna, ai ga shi da bakinta ta ce lafiya lau. Zafin gari ne kawai. Gobe in Allah ya kai mu ina nan tafe."

Washegari da hantsi Barakatu ta ari waya a gidan makoki ta kira. Inna ta ce kar ta tayar da hankalinta, ana kan addu'a, sai dai wuyan yarinyar ya ƙi lanƙwasuwa, kuma har yanzu matar ba ta sake ta ba.

"Wace mata, Inna?"

"Wadda ta gani mana. Tun jiya ba abin da take faɗa sai wata, wata."

Barakatu ta miƙe zumbur. Gwangwanin nan ya dawo mata a ido, da simintin, da bakin Anti Raihana.

"Inna, ruwa take nema! Ruwa ne da Turancinsu. Don Allah ku kai ta asibiti yanzu, ga ni nan zuwa."

* * *

Sanƙarau ne. Likitan ya duba wuyan da ya sandare ya dubi iyayen, ya tambaya cikin Hausa mai kyau tun yaushe ta fara kukan ciwon kai. Nu'uman ya dubi Inna, Inna ta dubi ƙasa.

"Ba ta faɗa ba, likita."

"Yarinya kamar wannan ai tana magana. Ciwon nan ba ya ɓoyuwa, kai kamar zai tsage yake yi. Ba wanda ya tambaye ta?"

"Na tambaye ta," in ji Nu'uman.

Likitan ya ce za su yi iya ƙoƙarinsu, amma da an kawo ta jiya da maganar ta bambanta. A ɗakin akwai wasu yara biyu daga garejin nan na Mai Lilo. Ɗaya daga cikinsu ba a fita da shi da rai ba.

Rauda ta rayu. Bayan kwanaki zazzaɓin ya sauka, ta buɗe ido, ta karɓi kunu. Inna ta yi ta kuka tana gode wa Allah. Amma Barakatu ta lura da wani abu. Wata ma'aikaciya ta saki faranti a ƙasa, duk ɗakin aka zabura, Rauda ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Da la'asar, mutane sun ragu, yarinyar tana zaune a gado ta ba da baya tana wasa da bakin zane. Barakatu ta zo ta tsaya a bayanta. Ta dubi hagu da dama. Sannan ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun ranar suna.

"Rauda."

Sunan ya yi mata nauyi a baki, ya kuma yi mata daɗi. Ta ƙara ɗaga murya, ba ta damu da wanda zai ji ba. "Rauda. 'Yata. Rauda."

Yarinyar ta ci gaba da naɗe bakin zanen a yatsanta.

Likita ya tabbatar daga baya. Ciwon ya tafi da jin kunnuwan biyu, kuma ba irin wanda ke dawowa ba ne. Ya ce maganar da ta riga ta iya ma za ta riƙa gushewa a hankali, tun da ba ta jin kanta, sai an dage ana sa ta yin ta.

* * *

An rufe Mai Lilo na ɗan lokaci, aka buɗe ta bayan sallah. An sake fentin bangon, lilon ya ƙara kyau. Malam Abdulbaƙi ya zo dubiya da ledar lemo, ya ce ikon Allah ne, ba mai tsallake abin da aka rubuta masa. Da zai tafi ya ja Nu'uman gefe ya ce, ba don komai ba, amma makarantarsu ba ta da tsarin irin waɗannan yaran, gara a nema mata wani wuri. Nu'uman bai raka shi ko zaure ba.

Inna ta daina tatsuniya. Takan zauna da Rauda a cinya tana shafa mata kai, bakinta yana motsi ita kaɗai. Barakatu kuwa yanzu sunan ba ya barin bakinta, tana shara tana kira, tana girki tana kira, har maƙwabta suka daina mamaki.

Nu'uman ya rage zuwa kasuwa. Abin da ke cin sa shi ne ya kasa tuna kalmar Hausa ta ƙarshe da 'yarsa ta faɗa masa. Ya yi ta laluben ƙwaƙwalwarsa, ko a wurin cin abinci ne, ko a kan babur, bai samo ba. Yana so ya ji ko guda ɗaya kafin kalmomin su tafi gaba ɗaya. Ko zagi ne ma yana so.

Wata yamma ya same ta a gindin darbejiyar tsakar gida tana kallon kaji. Ya zo ta gabanta don ta gan shi, ya durƙusa har gwiwoyinsa suka taɓa ƙasa, ya riƙe kafaɗunta.

"Uwata," ya ce, yana buɗe baki sosai yadda likita ya nuna musu. "Yi min Hausa. Ba wanda zai gaya wa Anti. Faɗi duk abin da kike so. Ce min Baba. Ce min ruwa. Gaya min inda ke miki ciwo."

Rauda ta zuba wa bakinsa ido. Ta ga leɓɓan babba suna motsi, ta ga ya tsaya yana jira, ta kuma ga idanunsa sun yi ja, abin da ya tsorata ta. Ta kai hannu ta taɓa wuyanta. Sannan ta miƙe tsaye ta ƙame, ta mayar da hannayenta baya, ta ba shi amsar da ba a taɓa dukanta a kanta ba, da wata murya da ta fara karkacewa.

"Fayin, tankiyu."